Kwaɗon da Aka Sa wa Yaya

"Bayin nawa ne ko na gidanku?"

"Naki ne, Hajiya. Makullin kawai nake roƙo."

"To ba zan bayar ba. Ga na baya can, wa ya hana ta?"

"Na baya leburori sun yi masa layi."

"Sai ta bi layin. Ƙafarta ta fi tasu ne?"

Yayata tana tsaye a bakin kicin. Hannu ɗaya a bango, ɗaya a mara. Ta matse ƙafafu kamar yarinyar da malami ya hana fita. Matar aure, wadda ta goya ni a bayanta. Ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo.

Ni mai walda ne. Ƙofar sito aka kira ni in gyara a gidan mijinta, ba faɗa na zo yi ba. Ina cikin aiki na ga Yaya ta je ƙofar bayin tsakar gida, ta taɓa wani abu, ta koma. Ta sake zuwa, ta sake komawa. Da na ɗaga gilashin fuskata na duba, sai na ga kwaɗo. Sabo, ruwan zinare, an ɗiga masa jan fenti a ciki. Makullinsa yana cikin tarin makullan da uwar mijinta take ɗaurewa a bakin zani.

"Hajiya, ba ta da lafiya fa."

"Ai shi ya sa. Ciwon sanyi gare ta, ɗan nan, tunda sai ka ji da kunnenka. A bayi ake kwasarsa, a bayi ake raba shi. Ni da tsufana ba zan tsuguna inda ta tsuguna ba. Ranar da ta warke a buɗe mata."

Hayaniyar ce ta shigo da mijin daga shago. Mai Tayil kowa yake ce masa.

"A'a, ƙanin mata! Walda aka kira ka ko duba marasa lafiya?" Ya dafa kafaɗata yana dariya, turarensa ya cika min hanci. "Rabu da maganar mata. Na ba ta magani, kwana biyu za ka ga ta miƙe."

"An kai ta asibiti?"

"Asibitin me? A tuɓe min mata a gaban ƙarti saboda zafin fitsari? Kai dai ba ka yi aure ba, shi ya sa."

Yaya ta saki bangon. Ta ɗauki wata tsohuwar buta da aka ɗaura wa tsumma a wuya, ta nufi baya a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙaya. Na ji wani lebura ya yi fito. Sauran suka yi dariya.

Na koma na gama ƙofar sito. Ban taɓa yin walda mai muni irin ta ranar ba.

Gidan a bayan shago yake. Mai Tayil yana sayar da tayil da kwanon bayi da kan famfo. Bayin tsakar gidan shi ne abin alfaharinsa: fari fat daga ƙasa har sama, da madubi, da ruwa mai zuwa da kansa. In babban mai saye ya zo yana shakka, har ciki ake shigo da shi ya gani. Na baya kuwa rami ne a ƙarshen filin da ake sauke kaya. Ƙofarsa kwano ce, ba ta rufuwa, sai ka riƙe da hannu. Direbobi da leburori ne masu shi daga safe har yamma. Can aka tura Yaya.

Wanda bai taɓa ganin ciwon nan ba zai ɗauka wasa ne. Fitsari yana matsa ta, ta je, ɗigo kaɗan ya fito kamar an zuba barkono a ciwo. Ta dawo, ba ta gama zama ba ya sake matsa ta. Kowane zuwa sai ta ratsa maza. Kowane zuwa sai an ƙirga mata da ido.

Sai ta samo wa kanta dabara. Ta daina shan ruwa.

Da na koma, leɓenta ya tsage. Na miƙa mata ruwa mai sanyi da na shigo da shi, ta kawar da kai.

"In na sha zai fito, auta. Gara ƙishirwa."

"Yaya, kashe kanki za ki yi."

"Ina riƙewa har leburori su tashi. Na iya yanzu."

Ta faɗa kamar wadda ta koyi sana'a.

Ta roƙi a bar ta ta ajiye bokiti a ɗakinta, Hajiya ta ce gidanta ba turken awaki ba ne. An ware mata igiyar shanya. An ware mata kofi, ko da yake ba ta amfani da shi. Girki dai ba a ware ba, ita ke yi, a tsaye, da gumi. Kowace safiya Hajiya tana tafasa ruwa, ta tsiyaya maganin wanke bayi a ciki har ya yi fari, ta ce Yaya ta zauna. Abin da ke kashe ƙwayar cuta a kan tayil, in ji ta, zai kashe ta a jikin mutum. Yaya ta zauna. Fatar wurin ta saɓule. Hajiya ta ce alamar yana aiki ke nan.

Maganin miji kuwa daga aljihunsa yake fitowa. Kafso a warwatse, ba kwali, ba suna. Yau ja da rawaya, gobe fari. In ta ce ta ɗan ji dama, ya ce to shi ke nan, an gama. Ba a jima ba ciwon ya dawo, da farin ruwa mai wari, da ciwon mara da ke naɗe ta kamar tabarma.

Na kai maganar gida. Innarmu ta saurare ni tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ciwon mata ne. Wace mace ce ba ta yi ba? Kai namiji ne, ka cire bakinka."

"Sun kulle mata bayi, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ya ci gaba.

"Gidan wani sai haƙuri."

Na je wurin Kawu, ƙanin mahaifinmu, wanda ya tsaya mana tun rasuwar Baba. Ya riƙe ni da wa'azi har ƙafata ta yi sanyi. Ya yi maganar zaman aure, ya yi maganar zamaninsu, ya yi maganar yaran yanzu da ba sa gaisuwa. Bai ambaci kwaɗo ko sau ɗaya ba. Da na tashi ya ce, "Mutumin nan fa shi ya shimfiɗa min tayil a falo, ko sisi bai karɓa ba. Ka bi a hankali."

Na bi a hankali. Yaya ta ci gaba da bushewa.

Sai aiki ya kai ni bayin kasuwa. Ƙofofinsa sun ruɓe, aka ba ni in sa na ƙarfe. Da rana tsaka ina tsugune ina gwada ƙyaure, na ji nishi daga ɗakin ƙarshe. Nishin babban mutum da ya cije haƙori. Ya yi shiru, ya sake. Har da dukan bango. Na ce a raina wani bawan Allah yana shan wuya. Ƙofar ta buɗe.

Turaren Mai Tayil na fara ji.

Gilashin walda yana fuskata, bai gane ni ba. Ya fito yana share goshi, yana tafiya ƙafa a buɗe. Mutumin da ke da bayi fari fat a gidansa, ya tsallako titi ya zo na kasuwa don kada a ji shi.

Na ajiye kayan aiki na bi shi daga nesa. Kemis ɗin bakin tasha ya shiga, bayan labule. Da ya fito ya tafi, na shiga na ce a ba ni maganin ciwon kai. Mai kemis ɗin mun yi makaranta tare, bakinsa bai taɓa riƙe ruwa ba.

"Ka yi saɓani da surukinka."

"Lafiya dai?"

Ya yi dariya. "Lafiyar ke nan. Tsohon kwastoma ne. In ciwon sanyin ya cije shi ya zo, in ya sake shi ya gudu. Na ce masa ya je a gwada shi a yi masa na gaske, ya ce shi ba ya layi da talakawa. Tun yana saurayi muke wannan rawar da shi."

"Tun yana saurayi."

"Kai dai kada ka ce ni na faɗa."

Na fito ban karɓi maganin ba. A shagona akwai wani guntun rodi da nake danne kwano da shi. Ranar na daɗe ina juya shi a hannu. Na san ƙofar da Mai Tayil yake fita, na san inda yake ajiye mota. Abin da ya hana ni ɗaya ne. In na fasa masa kai, za a ce ƙanin mai ciwon sanyi ɗan daba ne, a ƙara mata wani sunan a kan wanda aka riga aka liƙa mata. Ba jininsa nake so ba. So nake uwarsa ta ji abin da na ji ta bayan ƙyauren nan.

Ban kai ga samun hanya ba ciwon ya riga ni.

Wata maƙwabciyarsu ce ta kira ni da hantsi. Na tarar da Yaya a ƙasa, a gaban ƙofar bayin, ta jingina da ita. Jikinta kamar ƙarfen da na gama yi wa wuta, haƙoranta suna haɗuwa. Ta yi amai a gefe. Hannunta yana dafe da bayanta, wajen ƙugu. Zaninta ya jiƙe, abin da ya gangaro kan siminti kuwa ja-ja ne. Ta riƙe har jikin ya ƙi.

Hajiya tana tsaye nesa, ta toshe hanci da gyale.

"Ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa? Da a ciki ta yi min wannan fa?"

Na ɗauko ƙarfen taya a bayan babur, na sa a ƙarƙashin kunnuwan da kwaɗon ke maƙale, na ɓanɓaro su da katakon gaba ɗaya. Hajiya ta kwarma ihu kamar ita na ɓalla. Kwaɗon ya faɗo a kulle, da kunnuwansa. Na jefa shi a aljihu. Na ɗauki Yaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A asibiti suka ba ta gado, suka sa mata ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciya ta kawo 'yar kwalba mai jan murfi, ta yi wa Yaya bayani: ta wanke da ruwa zalla, ta bar na farko ya zuba, ta tari na tsakiya. Suka ɗebi jini. Suka ɗauki ruwan da ke fita daga gabanta a kan auduga. Suka duba cikinta da na'ura. Duk abin da Mai Tayil ya ce tuɓe mata ne, mata ne suka yi shi, a bayan labule, cikin mutunci, ba a kai tsawon zaman cin abinci ba.

Da sakamako ya fito likita ta kira mu, ni da Inna. Mace ce mai gajeren bayani.

"Zafin fitsari ba ciwo ɗaya ba ne," in ji ta. "Wani ƙwayar cuta ce a mafitsara, wani tsakuwa ce, wani sabulu ne kawai ya ƙona wurin. Shi ya sa ake gwaji kafin a sha magani. Ita biyu ne suka haɗu mata. Na farko na mafitsara ne, ya hau har ƙoda. Riƙe fitsari da rashin shan ruwa su suka ba shi hanya. Wa ya hana ta ruwa?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Na biyun ya fi daɗewa. Wannan ta hanyar kwanciya ake ɗaukarsa."

"Ba a bayi ba?" in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba a ɗaukarsa a bayi, Mama. Ba a buta ba, ba a igiyar shanya ba. Kafson da ake ba ta guntu-guntu kuma bai kashe komai ba, sai ma ya koya wa cutar jure magani. Za mu yi mata allura, mu ba ta wanda gwaji ya nuna zai ci, ta shanye shi duka ko ta ji sauƙi. Amma in ba a yi wa mijin ba, aikin banza ne. Tana komawa zai mayar mata."

Ta duba hoton cikin.

"Ya taɓa hanyar mahaifa. Akwai tabo. Maganar haihuwa ba zan ce a'a ba, ba zan kuma yi muku alkawari ba."

Inna ta fita waje. Na tarar da ita a bakin famfo, ta buɗe ruwa tana kallo yana zuba.

Mai Tayil ya zo da yamma, da ledar lemu, da sabon ɗinki. Na tare shi a baranda na miƙa masa kwalba mai jan murfi. Likita ce ta ba ni saboda shi.

Ya kalle ta, ya kalle ni.

"Ni? In yi fitsari a kwalba kamar ɗan akuya?"

"Likita ta ce tare ake magani."

"Ni lafiyata ƙalau. Dube ni." Ya buɗe hannuwa. Sai ya matso, ya rage murya. "Tunda likitarku ta ce ba a bayi ake samu ba, to sai ku tambayi 'yar'uwarku inda ta samo. Ni ina shago wuni guda. Leburori kuwa cike da gida."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Yaya ta ji. Na ga ta juya fuska bango.

Hannuna ya yi nauyi. Na sa shi a aljihu, ya ci karo da kwaɗon. Na damƙe shi har ya shata min tafi.

Kafin a sallame ta maganar ta zaga unguwa. Hajiya ce ta raka ta gida-gida. Daga mai ƙazanta Yaya ta koma mai bin leburori.

Gidanmu muka kawo ta. Ta shanye maganinta har ƙwayar ƙarshe. Inna ta ajiye mata tulu a bakin gado, tana tsaye a kanta sai ta sha. Bayinmu ba tayil, siminti ne, ba rufi a sama, ƙofarsa ta ƙarfe ni na ƙera ta. Ranar da Yaya ta fara shiga ta fito ba hawaye, ta zauna a bakin ƙofa ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Sai Kawu ya aiko. Mutanen sun sauko, in ji shi. Za su zo a zauna, a yafi juna, ta koma ɗakinta. Sharaɗinsu kaɗan ne: ta ba Hajiya haƙuri, ni kuma in gyara ƙofar da na ɓalla.

Na ce to. Har Kawu ya yi mamakin saurin amsawata.

Na gaya wa Yaya abin da na gani a kasuwa, da abin da nake shirin yi. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Kada ka taɓa shi."

"Ba zan taɓa shi ba."

"To ka sayo ƙanƙara da yawa."

Da safiyar ranar, bayan kowa ya gama uzurinsa, na jawo injina. Na rufe ƙofar bayinmu, na ɗora kunnuwan nan biyu, ɗaya a ƙyaure, ɗaya a jikin ginshiƙi, na kama su da wuta. Kwaɗon yana rataye a tsakani, a kulle kamar yadda ya faɗo, jan fentinsa yana kallon tsakar gida. Wannan karon waldar ta yi kyau.

Sun iso rana ta take. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar rumfa. Hajiya ta zauna, makullanta suna ƙara. Mai Tayil ya zauna kusa da Kawu. Ni ne mai hidima. Ruwan ƙanƙara, lemun kwalba, shayi. Kofin Mai Tayil bai taɓa sauka rabi ba.

"Ƙanin mata, yau kuma ladabi ya motsa?"

"Sha, Yaya babba. Zafi ake yi."

Kawu ya buɗe taro. Na san Kawu. In ya fara, sai dai rana ta gaji. Ya fara daga auren kakanninmu. Ya biyo ta kan haƙuri. Ya tsaya ya ba da labarin wani maƙwabcinsa da ya rasu. Ina kallon Mai Tayil. Ya gyara zama. Ya naɗe ƙafa, ya warware. Ya fara kaɗa gwiwa. Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Na san wannan matsuwar, na gan ta a jikin Yaya a bakin kicin ɗin gidansa.

Na ƙara masa ruwa.

Kawu bai kai ga zamanin yanzu ba mutumin ya miƙe.

"A gafarce ni. Ina ne bayi?"

Na nuna masa da hannu. Ya ɗauki buta ya tafi da sauri-sauri. Ya tsaya. Ya ja ƙofa. Ya sake ja.

"Kai, a kulle yake. Kawo makulli."

"Ba ni da shi."

"Kamar ya ba ka da shi? Ba gidanku ba ne?"

"Gidanmu ne. Kwaɗon ne ba namu ba."

Kowa ya juya. Na ga lokacin da idon Hajiya ya sauka a kan jan fentin. Hannunta ya tafi bakin zani da kansa.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne?" in ji Kawu. "Kai, ɗauko guduma!"

"Kawu, an ce in daina ɓalla ƙofofi. Ga mai makulli nan zaune. Ko kuma akwai fili a waje, bayan shagon mai faci. Akwai 'yan layi kaɗan, amma ai ƙafarsa ba ta fi tasu ba."

Mai Tayil ya kalli ƙofar gida. Matasan layinmu suna zaune a dakali, ana jin hirarsu. Ya kalli uwarsa. Ya matse ƙafafu, hannu ɗaya a bango.

"Hajiya," ya ce. Muryar ta fito siririya. "Don Allah."

Ta tashi. Ta ratsa tsakar gida, makullan suna rawa a hannunta. Ta gwada wannan, ba shi ba. Ta gwada wancan. Yana tsaye yana taka ƙasa kamar mai kashe wuta. Da kwaɗon ya buɗe na miƙa masa kwalba mai jan murfi.

"Na tsakiya ake tara," na ce.

Ya doke hannuna, kwalbar ta gangara ta tsaya a gaban Kawu. Ya faɗa ciki ya banko ƙofa.

Bayinmu ba rufi. Ƙofar ƙarfe kuma ba ta ɓoye sauti, ƙara shi take yi.

Da farko shiru. Sai nishin. Wanda na ji a kasuwa, shi ne, sai dai yau ya daɗe yana riƙewa. Ya cije, ya kuɓuce masa. Ya kira sunan Allah. Ya daki bango. Ɗigo, shiru, ɗigo. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa irin wanda ban taɓa jin babban mutum ya yi ba.

Kawu ya cire hula ya riƙe. Inna ta zuba wa ƙofar ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Hajiya ba ta koma mazauninta ba. Tana nan a tsaye, kwaɗo a hannu, goshinta ya kusa taɓa ƙarfen. Ta manta da mu. Uwa ce kawai da ta ji ɗanta yana kuka.

"Wayyo ɗan nan," ta ce. "Abin nan ne har yanzu? Ba ka ce min ya warke tun kafin biki ba?"

Nishin ya tsaya cak.

Ta ji abin da ta faɗa. Ta juyo a hankali, bakinta a buɗe, tana neman inda za ta mayar da maganar. Ba wuri.

Na yi zaton zan ji daɗi. Na daɗe ina jiran wannan minti. Abin da na ji kawai shi ne muryar likita tana cewa akwai tabo.

Yaya ta miƙe daga bayan Inna. Ta je wurin tulu, ta cika kofi, ta shanye a tsaye, a hankali, muna jin saukar ruwan a maƙoshinta. Ta ajiye kofin. Ta tako har gaban uwar mijinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun kafin biki," ta ce.

Hajiya ta kalli ƙasa.

Yaya ta sa yatsa ta taɓa jan fentin da ke jikin kwaɗon.

"Ashe kin sani, Hajiya. To ni me na yi aka sa mini wannan?"